Tsakanin "a number of" da "the number of" a sharhin jaridu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da ma'aikatan sashen labarai. Na daɗe ina sauraron tasharku, kuma sharhin jaridun safe na Turanci ba ya wuce ni, ko da ina teburin mai shayi ne a Tudun Wadar Zariya.

Ranar Talata na ji mai gabatarwa ya ce "A number of newspapers has reported the story". Na ce tuntuɓen harshe ne, kowa yana yi. Ranar Alhamis ya sake. Da yammacin ranar, wata yarinya cikin masu shirin WAEC da nake yi wa darasi a zaurena ta rubuta irin wannan jimla. Na sa jan biro na kewaye has ɗin, sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, ai haka aka faɗa a rediyo." Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Na san inda ruɗanin yake. Mutum ya ga number tilo ce, ga kuma a a gabanta, sai ya ba ta aikatau na tilo. Alhali "a number of" a dunƙule take, ma'anarta "da dama". Hausa ma ta raba mana gardama. Cewa muke yi "jaridu da dama sun ruwaito labarin". Babu Bahaushen da zai ce "jaridu da dama ya ruwaito", ko yaron goye dariya zai yi masa. To haka Turancin yake: "A number of newspapers have reported".

Da zarar an cire a an sa the, zance ya sauya. "The number of" tana nufin adadi, adadi kuwa abu ɗaya ne. "The number of newspapers has fallen", wato adadin jaridu ya ragu. Wannan misalin ma ba ƙirƙira ba ce, duk wanda ya san teburan masu jarida a unguwar PZ shekarun baya ya san waya ta cinye musu kasuwa. A misalin farko jaridun ne suke aikin, a na biyu lissafinsu ake magana a kai.

Tunda an taɓo, bari in ƙara da news. Mu muna da labari da labarai, shi ya sa bakinmu ke saurin cewa "a good news" ko "many news". Bature ba ya ƙirga news, kuma duk da s ɗin da ke ƙarshenta, is take ɗauka. In guda ɗaya ake nufi sai a ce "a piece of news" ko "a news item". Ita media ba zan yi faɗa a kanta ba. Asalinta jam'in medium ce daga Latin, amma yau ana jin is ana jin are, duka sun karɓu. A dai tsaya kan ɗaya a cikin labari ɗaya.

Malam Edita, a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan kuma Nigerian Citizen ta fito a 1948. Ga jami'a a Samaru tana yaye 'yan jarida duk shekara. Ba a rasa wanda zai duba rubutun sharhin nan na minti biyar kafin a shiga ɗakin watsa shiri ba. Mai gabatarwar yana da murya, lafazinsa kuma ya fi na da yawa, ba na son a ɗauka ƙararsa na kawo.

Ɗalibar tawa dai ta gyara jimlarta, amma fuskarta ta nuna ba ta gamsu ba. Mun yi da ita ranar Litinin kowa zai kunna rediyonsa.

Naka,
Tsohon malamin Turanci,
Tudun Wada, Zariya