Amsar tambayarka game da ƙaninka

Katsina,
Lahadi da dare.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin Ingila? Mu nan hunturu ya kankama, da safe ko hasumiyar Gobarau da ƙyar ake hangowa saboda hazo. Mutanen gida duk lafiya lau.

Saƙonka ya iso. Ka ce ƙaninka da ke zaune wurinka, mai shekara 24, ya buɗe maka cikinsa cewa tun yana yaro bai taɓa jin kansa namiji ba, yana so ya ga likita a ba shi maganin homon, wato sinadarin da ke fito da siffofin mace a jiki, kai kuma ka rasa ta inda za ka kama. Ka kyauta da ka tambaya kafin maganar ta shiga kunnen dangi. Zan ci gaba da cewa ƙaninka kamar yadda ka rubuto. A asibiti za su tambaye shi sunan da yake so a kira shi da shi, kada abin ya ba ka mamaki.

Kafin komai, ka zaunar da shi ka yi masa tambaya biyu kai tsaye. Ta farko, ko tunanin kashe kansa yana zo masa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin a rai, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya ce e, kada ku jira layin kowane asibiti: ku kira 111, layin neman shawarar lafiya, ko Samaritans, masu sauraron wanda ke cikin ƙunci, a 116 123, in abin ya yi tsanani 999. Ta biyu, ko ya riga ya fara shan wani abu da ya saya ta intanet. Da yawa sukan fara a ɓoye, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali, zan dawo kansa.

Abin da ya kwatanta maka, a takardun asibiti za ka ga an rubuta shi jenda disforiya, wato ƙuncin da ke kama mutum idan jinsin da yake ji a ransa ya saɓa da jikin da aka haife shi da shi. Ya bambanta da mata-maza da muka sani a gida. Mata-maza lamari ne na halittar jiki: al'aura ba ta fito sarai ba, ko ƙwayoyin gado sun zo daban, ko jiki ba ya jin homon ɗin da yake samarwa. Malaman fiƙihu sun daɗe da yi masa babi a sha'anin gado. Duk da haka likita zai tambayi tarihin haihuwarsa da balagarsa: ko ƴaƴan marainansa sun sauko daidai, ko ƙofar fitsari tana inda ya kamata, ko nono ya fito masa lokacin balaga, ko gemu ya ƙi tsirowa. Idan akwai alama irin wannan, za a auna homon, a yi gwajin kuromosom, wato ƙwayoyin gado, domin akwai mazan da ke ɗauke da XXY maimakon XY da aka saba, ba su sani ba sai sun girma. Idan babu alama, ba kowa ake yi wa gwajin ba.

A can Ingila hanyar tana farawa daga likitan unguwa, GP. Shi zai rubuta takardar tura shi zuwa ɗaya daga cikin asibitocin NHS, hukumar lafiyar gwamnati, na manya da ke wannan aiki, irin na Landan ko Lids ko Nottingham. Ba a buƙatar ya ga likitan ƙwaƙwalwa kafin a tura shi. Matsalar ita ce layi. Jiran ganawar farko shekaru ne, a wasu wuraren ya haura biyar. Saboda haka ya tabbatar takardar ta isa, ya riƙe shaidar ranar da aka karɓa, kuma duk sanda ya canza gida ko lambar waya ya sanar da su. Akwai waɗanda aka cire daga layi don kawai wasiƙa ta je tsohon adireshi ba a amsa ba. Masu hali sukan je asibitin kuɗi, amma kafin ya biya ko sisi ya tambayi GP ɗinsa ko zai yarda ya ci gaba da rubuta magani da gwajin jini bisa shawarar wancan asibitin. Wasu ba sa yarda, sai mutum ya tsinci kansa yana biyan komai daga aljihu har illa masha Allahu.

Ganawar kanta ba gwajin jini ba ce, ba kuma hoton ƙwaƙwalwa ba. Babu na'urar da ke nuna wannan abu. Hira ce mai tsawo, yawanci sau biyu aƙalla, da ƙwararru biyu daban-daban, da watanni a tsakani. Ma'aunin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 yana neman abin ya daɗe aƙalla wata 6, a samu aƙalla alamu 2 cikin 6, misali tsananin son rabuwa da siffofin jikinsa, ko son samun na ɗaya jinsin, ko son a ɗauke shi a matsayin ɗaya jinsin, sannan abin ya zama yana jawo ƙunci na gaske ko yana hana shi karatu da aiki da zama da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a kundinta da ya fara aiki a 2022, ta fitar da shi daga babin ciwon ƙwaƙwalwa ta mai da shi babin lafiyar jima'i. Kada ka ɗauka ganin likitan ƙwaƙwalwa yana nufin an ce ya haukace.

Za su tona sosai. Yaushe abin ya fara, ya yake ji lokacin balaga, akwai ciwon damuwa, an taɓa cin zarafinsa yana ƙarami, yana jin muryoyi, yana shan wani abu, wa ke tare da shi a rayuwa. Dalilin tonon shi ne akwai abubuwan da ke kama da wannan alhali ba shi ba ne, akwai kuma waɗanda ke tafiya tare da shi da ke buƙatar nasu maganin. Shawarata gare shi ɗaya ce a nan: ya faɗi gaskiya, har da shakkunsa. A intanet ana koya wa mutane amsoshin da za su haddace don a sa musu hannu da wuri. Wanda ya ɓoye wa likita ciwo kansa ya cuta, domin wasu sauye-sauyen ba sa komawa. Kuma ba kowa ne ke ƙarewa da homon ba. Wani hira da masanin halayya take ishe shi, wani ya ɗauki lokaci ya fasa, wani kuma ya ci gaba ya samu sauƙin da bai taɓa samu ba. Duk ana gani. Hayaniyar da kake ji a labarai game da rahoton Dakta Hilary Cass na Afrilun 2024 da dakatar da maganin tsayar da balaga, ta shafi waɗanda ba su kai 18 ba ne. Ƙaninka ya wuce nan.

Idan sun gamsu, kafin a rubuta magani sai an auna hawan jini da nauyi, an ɗebi jini a duba hanta, ƙoda, kitse, sukari, yawan jini, da matakin testosteron (homon na maza) da istirojin (na mata) da furolaktin (mai sa ruwan nono). Akwai abu biyu da nake so ya ambata da bakinsa, domin likitan can ba lallai ya tuna da su ba. Na ɗaya sikila: ya faɗi rukunin jininsa, AA ne ko AS ko SS, saboda sikila tana ƙara haɗarin daskarewar jini, istirojin ma haka. Na biyu ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu kuma yakan zauna shiru shekaru. Ya kuma faɗa idan wani a gidanku ya taɓa samun gudan jini a ƙafa ko huhu, ko shanyewar ɓarin jiki da ƙuruciya, ko kansar nono, ko shi yana fama da ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido. Taba kuwa dole ya bari, har da shisha.

Maganar haihuwa a yi ta kafin ƙwayar farko. Istirojin yana rage maniyyi, wani lokaci ya tsayar da shi, kuma babu mai iya yi masa alkawarin zai dawo in an daina. Ana iya daskarar da maniyyi a ajiye. Dokar Ingila tun Yulin 2022 ta ba da damar ajiya har shekara 55, ana sabunta izini duk shekara 10. Ɗan shekara 24 zai iya cewa shi ba ya son ƴaƴa, amma ka roƙe shi ya ajiye ko da hakan.

Maganin kashi biyu ne. Akwai istirojin irin wanda jiki ke yi, ana ba da shi a ƙwaya, ko man shafawa, ko filastar da ake mannawa a fata a canza sau biyu a mako. Na fata ya fi sauƙin haɗari wajen daskarewar jini, shi ya sa ake fifita shi ga wanda ya haura 40 ko mai wani dalili. Sai kuma mai danne testosteron. A Ingila yawanci allura ce da ake yi duk wata ko duk wata 3. A Amurka sun fi ba da sipironolakton, wanda ke sa yawan fitsari yana kuma tara potasiyam a jini, don haka mai shan sa sai an riƙa auna shi, kuma ya nemi shawara kafin azumi. Ana fara kaɗan a riƙa ƙarawa bisa sakamakon jini. Abin da ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ta shata a 2017 shi ne istirojin ya tsaya tsakanin 100 zuwa 200 pg/mL, wato kusan 370 zuwa 730 a ma'aunin pmol/L da ɗakunan gwajin Ingila ke amfani da shi, testosteron kuma ya sauka ƙasa da 50 ng/dL. Ana gwaji duk wata 3 a shekarar farko, daga baya sau ɗaya ko biyu a shekara. Ƙara magani fiye da haka ba ya hanzarta komai sai haɗari.

Ya san abin da zai samu da wanda ba zai samu ba. Sha'awa tana raguwa cikin wata 1 zuwa 3. Fata ta yi laushi, ƙarfin dantse ya ragu, kitse ya fara komawa ƙugu da cinya daga wata 3 zuwa 6. Nono ma a nan yake fara fitowa, ya ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin ya tsaya, kuma shi ba ya komawa ko an daina magani. Murya ba ta canzawa ko kaɗan, tsawo da faɗin kafaɗa ma haka. Gemu ba ya tafiya sai da hasken leza ko ƙona tushen gashi, kuma a baƙar fata irin tamu sai an yi amfani da nau'in Nd:YAG, in ba haka ba ta ƙone ta bar tabo.

Yanzu na dawo kan sayen magani a ɓoye. Abin da ya fi saurin zuwa hannu shi ne ƙwayar tsarin iyali ta mata. Istirojin ɗin cikinta na haɗi ne, ya fi daskarar da jini nesa ba kusa ba, gwajin da aka saba yi ma ba ya nuna adadinsa, shi ya sa likitoci suka daina amfani da shi a wannan aiki. Akwai kuma sayifuroteron, mai danne testosteron, da ake sayarwa ta intanet, wanda in aka daɗe ana shan mai yawa yake taɓa hanta, yake kuma jawo ƙari a rufin ƙwaƙwalwa. Wanda ya danne testosteron bai mayar da gurbinsa da isasshen istirojin ba, ƙashinsa ne zai riƙa zaizayewa bai sani ba. In ya riga ya fara, kada ka ƙwace ka zubar, kada kuma ka yi masa tsawa. Ka raka shi wurin GP da kwalayen a hannu, a yi masa gwajin jini. Ƙa'idar likitocin can ta ba GP damar duba yiwuwar rubuta maganin riƙon ƙwarya a irin wannan hali, bayan ya nemi shawarar ƙwararre. Kai ma ka haddace alamun gudan jini: ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ciwon ƙirji. Wannan na 999 ne nan take, musamman bayan doguwar tafiya a jirgi.

Sai maganar gida, wadda na san ita ce ke hana ka barci. A nan Katsina babu asibitin da ke da sashen wannan aiki. Dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 kan auren jinsi ba ta ambaci irin halinsa da suna ba, amma jama'a ba sa bambancewa, ga kuma dokokin shari'a na jiha tun 2000. Da zarar jiki ya fara sauyawa, zuwa gida da Sallah ko biki zai iya zama haɗari gare shi, kuma fasfonsa zai ci gaba da nuna abin da yake nunawa. Wannan lissafi ne da ya kamata ya yi da idonsa biyu kafin ya fara, kuma ya gaya wa likitocin, domin ba su san ƙasarmu ba. Ta fuskar addini, ka san mafi yawan malamanmu sun halatta gyara ga mata-maza, sun hana canji ga wanda halittarsa ta fito sarai. Shi ma ya sani, ina kyautata zaton wannan na cikin abin da ya sa ya yi shiru shekara da shekaru. Ba sai ka maimaita masa kullum ba. In dangi suka ji, wasu za su ce daudu ne, wasu su ce aljana ce ta aure shi, a kawo maganar aurar da shi da gaggawa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma duka da ɗauri da auren dole ba su taɓa cire wannan abu daga ran kowa ba, sai dai su ƙara yarinyar mutane cikin wahalar. Sirrinsa nasa ne. Kada ka gaya wa Hajiya ko kowa sai da yardarsa, kada kuma maganar ta hau WhatsApp na dangi.

Abin da za ku iya yi a wannan makon: ya nemi ganin GP, ya roƙi takardar turawa da gwajin jini na farko, ya nemi a haɗa shi da mai ba da shawara kan damuwa tun yanzu, tunda jiran mai tsawo ne. Ya riƙa shan bitamin D, maikirogiram 10 a rana, saboda ƙashi, ranar can ba ta isar fatarmu. In sakamakon jinin ya fito kuma ya amince, ka turo mini in duba muku.

Ka gaishe shi da kyau, ka ce ina yi masa fatan sauƙi. A gaida uwargida da yara. Allah Ya ba ku mafita ta alheri, Ya sada mu da alheri.

Naka,
amininka na Ƙofar Ƙaura.