Godiya ga masu ƙaramar bas ɗin da ke kai baƙi fadojin yaƙi na arewacin Wales

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan wannan kamfani, musamman baiwar Allahn da ta yi mana ja-gora da direban da ya tuƙa mu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mun ga ya dace mu rubuta wannan takarda a fili domin yabon gwani ya zama dole. Duk wanda ya saba da irin wannan yawo na yini guda ya san yadda yakan ƙare. A talla za a jera maka fadoji huɗu ko biyar, a cika ka da romon baka, ka biya. Ranar tafiya sai ka tarar da doguwar bas mai cin mutum hamsin. Kafin kowa ya sauka an ci minti goma, kafin a gama layin ban ɗaki an ci wasu ashirin, sannan a gaya maka kuɗin shiga ba ya cikin abin da ka biya, ka je ka bi layin tikiti da kanka. Abin da ya rage maka a cikin ginin da aka shekara da shekaru ana ɗora shi bai wuce minti arba'in ba. Shan ruwan tsuntsaye ke nan, ka ɗauki hoto a bakin ƙofa ka ruga, ana danna maka ham. Da irin wannan fargabar muka zo muku, shi ya sa abin da muka gani ya ba mu mamaki.

Abu na farko da ya kwantar mana da hankali tun kafin a tashi shi ne kun faɗi gaskiya game da Harlech. Fadoji huɗu ne na Sarkin Ingila Edward na ɗaya da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1986: Conwy da Caernarfon da Beaumaris da Harlech, tare da ganuwar garuruwan Conwy da Caernarfon. Kowane baƙo yana son a ce ya ga huɗun. Ku kuwa kun rubuta ƙarara cewa uku za a je, domin Harlech tana can kudu, kuma zuwa da dawowa daga Caernarfon zai cinye kusan awa ɗaya da rabi a kan hanya, wanda dole daga lokacin sauran ukun za a yanke shi. Wasu sun gwammace su cusa ta a jerin saboda talla ta yi kyau. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu.

Motar mai kujera 16 ce, kuma mutum 14 kuka ɗauka. Wanda bai san Conwy ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Garin yana cikin ganuwa, ƙofofinta na zamanin dawaki ne, tituna ƙanana. Ƙaramar mota tana sauke mutane kusa, tana kuma juyawa ba tare da an tsayar da gari ba. An bar garin Llandudno da ƙarfe tara, aka iso daidai lokacin buɗe ƙofa, tikiti yana hannun ja-gora tun jiya, ba wanda ya tsaya a layi. Motar tsaf take, direba ba ya gaggawa, an dawo a kan lokaci. Wannan duk hakkinmu ne da muka biya, ba za mu tsaya dogon yabo a kansa ba.

Inda za mu tsaya shi ne kan ja-gorarmu. Kafin ta bar kowa ya taka matakala ɗaya, ta tara mu a farfajiyar waje ta Conwy ta yi minti biyar tana bayanin yadda ake hawa hasumiya. Matakalar murɗaɗɗiya ce, kowane taki yana da faɗi ta wajen bango, ya tsuke ta wajen ginshiƙin tsakiya har ya zama bai ɗaukar tafin ƙafa. Don haka ta bango ake bi, hannu ɗaya a kan abin riƙo, waya a aljihu. Mai jakar goyo ya juyo da ita gaba, saboda idan ya waiga a wuri mai ƙunci jakar ce za ta bugi na bayansa. Ta ce saukowa ta fi hawa haɗari, domin ido ya saba da hasken sama sai ya shigo duhu, ga dutsen ya sha taku ya yi santsi, in kuma an yi yayyafi sai ya zama kamar an shafa masa sabulu. Shawararta ita ce a tsaya a bakin matakalar a ƙirga goma kafin a fara sauka. Ta kuma raba mu kashi biyu, bakwai-bakwai, kowane kashi da hasumiyarsa, don kada masu hawa su yi karo da masu sauka. Wannan dabara ba ta yiwuwa da mutum hamsin, ko da ja-goran ya so.

Akwai wani dattijo a cikin tafiyar mai ciwon gwiwa. A wurin wasu, irinsa kan zauna a benci ya jira, an karɓi kuɗinsa an bar shi da kallon tsuntsaye. Ita kuwa tun a mota ta tambaye shi a hankali, ba a gaban mutane ba, iya abin da zai iya. Da sauran suka hau sama sai ta zagaya da shi ƙasa, ta nuna masa rijiyar fadar mai zurfin kusan mita 27, da babban zauren taro wanda aka gina a lanƙwashe saboda bin siffar dutsen da ke ƙarƙashinsa, da ɗakunan sarki na farfajiyar ciki. Da muka sauko shi ne yake ba mu labarin abin da muka wuce ba mu lura ba. A Caernarfon ma ta san da lif ɗin da aka saka a Ƙofar Sarki, ta kai shi sama ya ga gari kamar kowa. Allah ya saka mata da alheri.

Sai kuma iliminta, wanda ba na haddar takarda ba ne. Ta fara da labarin kashe Llywelyn ap Gruffudd, basaraken da ke mulkin arewacin Wales, a Disambar 1282, ta nuna yadda Edward ya fara Conwy da Caernarfon da Harlech duk a 1283, ƙarƙashin babban magini James na St George wanda ya zo daga Savoy, wani yanki a tsaunukan Alps. Conwy, da hasumiyoyinta takwas da ganuwar gari mai tsawon kilomita 1.3 da hasumiya 21, an tashe ta cikin kusan shekara huɗu a kan kimanin fam 15,000. Amma ba lissafin ne ya burge mu ba. Ta tsayar da mu ta nuna ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu da ke hawa jikin hasumiya a karkace. Nan ne aka soka itatuwan dandamalin magina, aka yi shi kamar hanya mai gangara da ake jan dutse a kai, salon da maginan Savoy suka zo da shi. Ta nuna ragowar farar ƙasa a wasu lungunan bango, shaidar cewa ginin da muke gani baƙi-baƙi yau fari fat yake a zamaninsa. Har ban ɗakuna 12 da ke jere a jikin ganuwar gari, waɗanda aka yi wa magatakardan sarki a 1286, sai da ta kai mu muka gani. Mutane sun yi dariya, amma a nan ne mutum yake gane cewa wurin ofis ne na mulki, ba filin yaƙi kaɗai ba.

Ta kuma ƙi sayar mana da tatsuniyoyin da ake yi wa baƙi. Wani ya kawo maganar tafasasshen mai da ake cewa ana zubo wa abokan gaba ta ramukan rufin zaure. Ta ce mai abu ne mai tsada a lokacin, duwatsu da tafasasshen ruwa sun fi kusa da hankali, kuma ramukan suna da amfanin zuba ruwa idan an cinna wa ƙyaure wuta. Zancen cewa ana murɗa matakala ta dama don a takure hannun takobin maharin ma ta ce masana da yawa ba su gamsu da shi ba, tunda akwai masu murɗawa ta hagu. A maimakon haka ta ba mu labarin da ya tabbata: a ranar Juma'ar da ke gabanin bikin Ista ta 1401, dakarun Conwy suna coci, 'yan'uwan nan biyu Rhys da Gwilym ap Tudur, dangin Owain Glyndŵr jagoran boren Wales na lokacin, suka ƙwace fadar da dabara, suka riƙe ta wata uku. Bangon da ya tsare Edward kansa a lokacin boren Madog ap Llywelyn, cikin hunturun 1294 zuwa 1295, sakacin masu gadi ne ya bayar da shi.

A Beaumaris, can tsibirin Anglesey, an ba mu awa ɗaya da kwata, kuma ya isa, saboda filin shimfiɗaɗɗe ne. Ta sa mun fara zagaya gwalalon ruwa ta waje kafin mu shiga, don a ga tsarin bango cikin bango: na waje gajere, na ciki dogo, ta yadda maharban ciki za su harba ta saman kawunan 'yan'uwansu na waje. Ƙofar waje ba ta fuskantar ta ciki kai tsaye, dole wanda ya fasa ta farko ya karkata, ya ba da gefensa ga kibiya. Ta nuna matsayar jirgin ruwa da ke manne da bango, inda ake sauke abinci ko da an tare hanyar ƙasa. An fara ginin a 1295, aka tashi mutanen garin Llanfaes da ke kusa aka mayar da su Newborough don a sami fili. A wasiƙar da magina suka aika a 1296 sun lissafa magina 400 da leburori 2,000 da masu fasa dutse 200 da maƙera 30, suna kukan kuɗi. Yaƙin Scotland ya janye kuɗin, shi ya sa hasumiyoyin suka tsaya a guntule har yau. Wanda aka ruga da shi zai ce fadar gajera ce kawai, bai san ba a gama ta ba ne.

Caernarfon kuka bari a ƙarshe, kuma mun fahimci dalili: ta fi kowacce cin ƙafa, hanyoyin cikin bango suna da yawa, mutum yakan shiga ta nan ya ɓullo inda bai zata ba. Ja-gora ta nuna wuri ɗaya a tsakiyar fili ta ce nan ne mahaɗa, ta faɗi lokaci, ta tuna mana cewa masu kula da wurin suna daina shigar da mutane rabin awa kafin rufewa, don haka kada wanda ya fita sayen shayi ya dogara da komowa. Bayaninta a kan hasumiyoyi masu kusurwa da layukan dutse masu launi daban, da Hasumiyar Gaggafa, da haihuwar Edward na biyu a garin a 1284, da naɗin Charles a matsayin Yariman Wales a 1969, bai wuce minti ashirin ba, sannan ta sake mu. Kuma ba ta ɓoye cewa ga mutanen Wales da yawa waɗannan gine-gine alamar mamaya ne ba. A garin da ake jin harshen Wales a kowane kanti, rashin faɗin hakan da ya zama rashin ladabi.

Abin takaici shi ne duk wannan ba wani abin al'ajabi ba ne, aikin da ya kamata kowa ya yi ne. Amma sana'ar ta cika da masu ɓoye kuɗin shiga a ƙananan haruffa, da masu sayar da tafiyar Disamba da jadawalin Yuli alhali rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, da masu tsayar da mota minti arba'in a kantin tsaraba saboda suna da kaso, da ja-gororin da ke karanta magana ɗaya ta lasifika ko ana ji ko ba a ji. Ba sa gaya wa mutum ya sa takalmi mai kama ƙasa, ba sa gaya masa iska mai ƙarfi kan sa a rufe hanyar saman bango, sai an je a ce ai ba laifinsu ba ne. Ku kun aiko da wannan duka a saƙo kwana biyu kafin tafiya, har da gargaɗin tsuntsayen teku masu fizge abinci daga hannu a bakin ruwan Conwy.

Roƙo ɗaya muke da shi. Lokacin cin abinci a Beaumaris ya ɗan takura, minti arba'in da biyar ne, kuma a ranar da gari ya cika rabinsa a jiran oda yake tafiya. In za a ƙara kwata ɗaya, ko a gaya wa mutane su riƙo abincinsu, da ya fi. Sannan in kun buɗe tafiya ta daban zuwa Harlech, mai isasshen lokacin da za a tsaya a kan matakalar da ke gangarawa inda teku yake a da, ku sanar da mu, kuma don Allah ita dai wannan baiwar Allah za ku ba mu.

Mun gode ƙwarai. A gaishe mana da direba.

Daga wasu cikin mutum 14 da kuka ɗauka.