Katsina ko Maradi: a ina albashi ya fi auki?

Ya Edita,

Ina so in ja hankalin masu fansho da ƙananan ma'aikata da ke cewa za su koma Nijar, ko su dawo Najeriya, wai don rayuwa ta fi sauƙi. Yawancinsu suna canja farashin buhun shinkafa daga sefa zuwa naira ne kawai su yanke hukunci. Wannan lissafin bai isa ba.

Tambayar farko: da wane kuɗi ake biyanka? Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka bar wa kasuwa yanke farashinta a watan Yunin 2023 ta tashi daga kusan 460 kan dalar Amurka ta wuce 1,500 a farkon 2024. Wanda fanshonsa na naira ne amma yana zaune a Maradi, kuɗin cefanensa sun zabge fiye da rabi ba tare da an taɓa fanshon ba. Mai karɓar sefa da ke cefane a Jibiya shi ya ci riba. Don haka a lissafa da farashin 'yan canji, wanda shi za a samu a hannu, a kuma ware kashi goma cikin ɗari don faɗuwar kuɗi.

Sai haya. A Katsina ko Kano shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali, sai a haɗa a raba gida 12. A Maradi wata-wata aka fi biya, bayan kuɗin ajiya na shiga. Wanda bai raba ba zai ɗauka hayar Najeriya ta fi ƙarfinsa, alhali wata bin wata ba lallai ba ne.

Hatsi kuma a auna shi a sikeli, don tiya da mudu da kwano ba girmansu ɗaya ba. A ɗauki farashin kaka da na tsakiyar damina, lokacin da gero ke tsada, a fitar da tsaka-tsaki. Kayan da ake shigowa da su sukan yi tsada a Nijar saboda ba ta da teku, musamman tun da hanyar tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a ƙasar Benin, ta toshe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Fetur kuwa gwamnati ce ke yanka masa farashi a can, a Najeriya kuma kasuwa ce tun cire tallafi.

A kula da ƙidaya ma. A kasuwar Nijar dala sefa 5 ce, jika kuma 1,000. In mai tebur ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi.

Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a Najeriya, sefa 42,000 a Nijar, amma kada a kwatanta su a baki. A rubuta haya, hatsi, wuta, ruwa, kuɗin makaranta, magani da kuɗin motar zuwa ganin dangi na wata uku a jere kafin a ɗaure kaya.

Naku,
Wani mai karatu daga Katsina