Rahoton kwamiti kan gyaran masallaci da makarantar allo a Ingal

Assalamu alaikum 'yan uwa na Maradi da duk wanda ya sa hannu, Alhamdulillahi aiki ya ƙare, an koma salla cikin masallacin, almajirai ma sun bar gindin dabino sun koma zaurensu.

Kun dai tuna yadda abin ya taso, 'yan kasuwarmu masu zuwa Ingal sayen dabino da gishirin Tigidda su sunka kawo labari cewa ruwan damina ta 2024, wanda har tsohon garin Agadas bai bari ba, ya cinye katangar gabas ya karya azara, ruwa na zuba daidai inda liman ke tsayawa.

To mu da munka isa, da niyyar siminti da tol munka je. Dattawan garin sunka ce a'a. Wani tsohon magini ya kama hannun shugabanmu ya ɗora bisa wani bango da anka taɓa shafe da siminti, ya ƙwanƙwasa, sai ka ji ƙwal kamar ƙwarya, ciki duk ya ruɓe don siminti na riƙe danshi laka ba ta shan iska. Ya ce Alhaji hasumiyar babban masallacin Agadas mai mita 27 tun 1844 da anka sake ta da laka take tsaye, yaɓe kawai ake sabunta mata. Wallahi gaskiyarsu, kuma mun gode Allah da munka saurara.

Sai anka kwaɓa ƙasa da ciyawa anka bar ta ta ruɓa, anka sauya azara, anka sa indararo masu tsawo, makuba kuma daga nan Maradi munka kai ta. Kuɗin simintin su sunka sayi tabarmi da akwatin ƙarfe na littattafai, don malamin makarantar ya buɗe mana gafaka mun ga Alƙur'ani rubutun hannu da gefen takardunsa ya jiƙe, hawaye sai da sunka zo ma wasunmu. Garin da ake cewa sharifai ne sunka kawo mai irin dabino daga Madina bai kamata littattafansa su kwana cikin yoyo ba.

Lissafin kuɗi na wurin ma'aji, kowa na iya dubawa bayan sallar Juma'a. Abin da ya rage a jaka na yaɓen baɗi ne kafin ruwa ya sauka. Allah ya saka da alheri.