Sojojin Roba da Fentin da Ya Cinye Musu Fuska

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wata sha'awa da ta hana ni barci darare da dama: haɗa 'yan sojojin roba na almarar kimiyya, a yi musu fenti, sannan a jera su bisa tebur su gwabza. Ƙanena ya ce girma ya faɗi. Na bar shi da bakinsa.

Abin ba na jiya ba ne. Tun 1913 marubucin Ingila H.G. Wells ya wallafa dokokin yaƙi da sojojin wasa. Wanda ya fi tashe yau shi ne Warhammer 40,000, da kamfanin Games Workshop na birnin Nottingham ya fitar a 1987. Sojan bai kai tsawon ɗan ƙaramin yatsa ba, milimita 28 zuwa 32 ne. Da tef ake auna tafiyarsa inci-inci, 'ya'yan lido masu fuska shida kuma su yanke ko harbinsa ya samu ko ya baras.

Ba a haɗe suke zuwa ba. Kai daban, hannu daban, bindiga daban, duk a maƙale jikin firam. Ka cire da 'yar filaya, ka kankare siririn layin da wurin zubi ya bari da bayan wuƙa, sannan ka manna. Gam ɗin robar yana narkar da fuskokin biyu ne su zama abu guda, shi ya sa ba ya kama sojojin da aka yi da ƙarfe. Su sai sufa gulu.

Ni dai sojojina goma na farko gaggawa ta kashe su. Ban yi musu feshin shimfiɗa ba, wato fentin farko da ke sa na sama ya kama jikin roba, na tsoma burushi kai tsaye cikin kwalba na lafta musu ja mai kauri. Da gari ya waye na ɗauko guda na kai shi bakin taga, sai na ga babu ido, babu baki, ƙusoshin sulken sun nutse, kamar kyandir ya ɗiga masa a ka. Kwana biyu suna jiƙe a sifirit, ina dirza da tsohon burushin haƙori.

Daga nan na yi hankali. A fara da feshi sama-sama. A sirka fenti da ruwa, a shafa siriri sau biyu, ko da shafar farko ta ba ka haushi don ƙasan yana leƙowa. Sai a bi da wani baƙi-baƙi mai ruwa-ruwa da ke gangarawa da kansa cikin lunguna ya zama inuwa. Wanda na fi so shi ne na ƙarshe: ka ɗebi fenti mai haske, ka goge burushin a tsumma har ka rantse babu komai a jikinsa, ka share gefen sulke da shi. Nan take gefuna su taso, ƙarfe ya yi kama da wanda ya sha yaƙi. Ido kuwa na haƙura da shi. Duk wanda na ɗiga wa ƙwayar ido sai ya fito kamar ya ga fatalwa, yanzu hular kwano nake sa wa kowa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne masu zuwa tebur da runduna toka-toka, ko ɗigon fenti babu, alhali akwatuna na jibge a ɗaki ba a buɗe ba. Ka yi wata guda kana fama da naka, a jera maka tsirarar roba a gaba, ba ka ma bambance kwamanda da kurtu. Su kansu masu wasan sun gane haka, har maki 10 dokokin gasa ke ba wanda ya zo da runduna mai fenti. Ba sai ka zama gwanin gasar fentin sojoji ta Golden Demon ba. Kala uku da ɗan yashi a gindin soja sun wadatar.

Kada a ce ina wanke kaina, ni ma akwati uku ke ƙarƙashin gadona. Na dai ɗaure kaina da sharaɗi: ba zan yage ledar sabo ba sai biyar sun tsaya da kayansu.

Cikin sojojina goman farkon nan akwai guda da ban wanke ba. Yana nan kan tebur kusa da kofin ruwan burushi, ja jawur, babu fuska.

Naka,
Wani mai karatu