Kafin ka biya kuɗin injin walda na TIG

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mu ja hankalin masu shirin sayen injin walda na TIG, wato waldar da ake yi da allurar tangistin tare da iskar agon da ke kare wurin haɗin, don aiki a gida ko a ƙaramin shago. Kowa ya zo, tambayarsa ɗaya: wane kamfani ya fi? Tambaya ce mai kyau, sai dai akwai wasu a gabanta, kuma rashin yin su ne ke sa mutum ya kashe kuɗi mai yawa injin ya koma ajiya.

Wane ƙarfe za ka haɗa? Baƙin ƙarfe, da ƙarfe mara tsatsa, da tagulla, duk injin DC, mai wutar da ke bin hanya ɗaya, ya ishe su. Alminiyam kuwa sai injin da ke da AC, wutar da ke kai da komo. Dalili shi ne alminiyam na narkewa a zafin digiri 660, amma fatar da ke rufe samansa sai ta haura digiri 2,000 kafin ta narke. Wutar AC ce ke fasa wannan fata yayin da take narkar da ƙarfen. Da yawa daga cikin injuna masu araha da aka rubuta wa TIG a kwali, injin walda ne na sanda da aka ƙara wa maɓalli guda: DC kawai, babu bawul ɗin iska a ciki, kuma sai ka taɓa allura a jikin ƙarfe kafin wuta ta kama. Nemi wanda ke da HF, mai kunna wuta ba tare da allurar ta taɓa aiki ba. Ga mai koyo wannan babban sauƙi ne, domin duk lokacin da allurar tangistin ta nutsa cikin narkakken ƙarfe, sai an tsaya an sake wasa ta.

A lissafin masu sana'a, kowace milimita ɗaya ta kaurin baƙin ƙarfe na cin kimanin amfiya 40. Ƙarfe mai milimita 3 zai ci 120 ke nan, alminiyam kuma ya fi haka ci saboda yana janye zafi da sauri. Injin amfiya 200 ya wadaci aikin gida. Amma a duba ƙasan ma: injin da zai riƙe wuta a amfiya 5 ko 10 ba tare da ta yi rawa ba shi ne zai haɗa siririn faranti bai huda shi ba.

Sai juriyar aiki, kuma nan ne aka fi yaudarar mai saye. A bayan kowane inji akwai allo da ke nuna kaso nawa cikin minti 10 zai yi yana aiki. Kashi 60 a amfiya 200 na nufin minti 6 na aiki, 4 na hutu. Wani injin 200 ne a gaba da manyan baƙaƙe, a baya kuwa kashi 20 ne kacal. A duba kuma a wane zafi aka auna: ƙa'idar ƙasa da ƙasa digiri 40 ce, amma akwai masu aunawa a ƙasa da haka don lambar ta yi kyau. Wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Yanzu ga kamfanoni. Miller da Lincoln Electric na Amurka, ESAB da asalinsa Suwidin, Fronius na Ostiriya, Kemppi na Finlan, duk sun yi suna wajen daidaiton wuta da ƙarko, kuma farashinsu na nuna haka. Jasic da Riland na ƙasar Sin sun fi sauƙin kuɗi, kuma ga aikin gida suna fitar da mutum kunya. Abin da muke so mai saye ya riƙe shi ne: injin zamani allon lantarki ne a ciki, kuma ranar da allon ya ƙone, sunan da ke jikin akwati ba zai tashe shi ba. Kafin ka biya, tambayi dillali wa ke gyara shi a garinku, ko ana samun allonsa, da tsawon garanti a rubuce. Injin matsakaici da mai gyaran unguwa ya san cikinsa ya fi mana babban suna da za a jira wa kaya daga ƙasar waje wata da watanni. Mai sayen na hannu daga Amurka ya tabbatar yana karɓar 230V, domin akwai masu 120V kaɗai.

Haka batun hannun walda, wato abin da ake riƙewa mai ɗauke da allurar. Zaɓi injin da ke zuwa da samfurin WP-17 ko WP-26, na farko amfiya 150, na biyu 200. Kofin tangaran da maƙalin tagulla da ke riƙe allura kaya ne masu ƙarewa, kuma na waɗannan samfura iri ɗaya ne ko daga wane kamfani. Hannun da kamfani ya ƙera da nasa salon kaɗai, kofi ɗaya ya fashe aiki ya tsaya. Allura mai milimita 1.6 da mai 2.4 sun isa; mai shuɗin baki na aiki a AC da DC duka. Mai jan baki na da sinadarin toriyam, kada a shaƙi ƙurarta wajen wasawa.

Wutar gidanka fa? Injin amfiya 200 a ƙure yana iya jan amfiya 25 ko fiye daga layi, abin da soket ɗin gida mai 13 ba zai ɗauka ba. Ja masa layinsa da waya mai murabba'in milimita 4 da makashin wuta na amfiya 32. Idan da janareta ne, kada ya gaza kVA 7.5, kuma ya kasance mai AVR, na'urar daidaita ƙarfin wuta, domin tsallen wuta ne kan gaba wajen ƙona waɗannan injuna. Injin da ke da PFC, na'urar gyara yadda yake jan wuta, ya fi jure wuta mai rauni, ya kuma rage abin da yake ja. Ya cancanci ƙarin kuɗin. Lokacin hunturu a riƙa cire shi daga wuta a buɗe a hure ƙura da busasshiyar iska, kuma a nisanta shi daga wurin gurza ƙarfe.

A kasafin kuɗi a saka tukunyar iskar agon da ma'auninta. Agon zalla ake so, lita 6 zuwa 10 a minti. Iskar da aka gauraya da CO2 ta waldar MIG ce, wani nau'in walda daban, tana cinye allura nan take. Hular walda ta zama mai duhu da kanta, lambar duhu 9 zuwa 13, wadda ke gane ƙaramar wuta. Kafin fita daga shagon dillali, a sa hannun walda a ramin da ke da alamar ragi (-), a gwada injin a kan guntun ƙarfe a amfiya 20 da kuma 150. Dillalin da ya ƙi a gwada, a wuce shagon gaba.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Daga wasu masu sana'ar walda,
Kaduna.