Godiya ga masu shagon kayan kwamfuta na kusa da Kasuwar Wunti, Bauchi

Assalamu alaikum Injiniya, kai da yaran shagonka.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne don masu sana'a irin tawa su san inda za su nufa. Tace bidiyon biki nake yi, kuma kwamfutata tana ɗauke da firosesar (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Intel Core i5-12600K a kan allon Z690, wato babban allon da ake ɗora kayan kwamfuta a kai. Masu harafin K an bar su a buɗe ne don wanda yake so ya ƙara musu gudu fiye da yadda kamfani ya tsara, kuma ba sa zuwa da kular sanyaya su a cikin kwali. Na ƙara wa tawa gudu don aiki ya riƙa fita da wuri, tunda dangin amarya ba sa jin uzuri. Sai zafi ya hana ni sakat. Da aiki ya yi nauyi takan taɓa digiri 100, daga nan ta rage gudu da kanta don kada ta lalace, ƙarin da na yi ya tashi a banza.

Kular ruwa, wato mai sanyaya firosesa da ruwa, na zo nema, kuma kuna da ita. Da ka miƙo mini ka karɓi kuɗinka, ba wanda zai ga laifinka. Amma sai ka ce, "Malam, ɗakin da kake aikin, fanka ce ko akwai na'urar sanyaya ɗaki?" Wannan tambayar ce ta sa na gyara zama.

Bayanin da ka yi mini shi ne, kula ba ta ƙirƙirar sanyi, da iskar ɗaki take aiki. Bututun jan ƙarfen da ke jikin kular iska suna da ɗan ruwa a rufe a ciki. Zafin firosesa ya mayar da shi tururi, ya hau zuwa siraran farantan alminiyam, fanka ta kwashe zafin, ruwan ya dawo ƙasa. To, gwaje-gwajen da muke gani daga Turai da Amurka galibi a ɗaki mai sanyi ake yin su, mu kuwa a nan Bauchi watan Maris da Afrilu zafi kan doshi digiri 40. Duk abin da ɗaki ya ƙara, sai ya hau kan firosesa. Ka kuma nuna mini cewa wannan firosesar wat 125 aka rubuta mata, tana kaiwa 150 idan ta buɗe wuta, kuma da zarar an ƙara mata bolt, wato ƙarfin wutar da ke shiga cikinta, zafin yakan hau fiye da yadda gudun ya hau. Ba ka kushe kular ruwa ba. Cewa ka yi tana da famfo, in ya mutu sai a sake duka, ita kuwa ta iska fanka ce kaɗai ke lalacewa, kuma ana samunta a gari.

Guda uku kuka jera a kan tebur. Cooler Master Hyper 212, mai bututu 4 da fanka ɗaya, ka ce tana da kyau amma za ta sha wuya da irin aikina. Noctua NH-D15 ta Ostiriya ce ta fi ɗaukar idona, ita ce kuma mafi tsada. Nan take yaronka ya ɗauko tef ya auna akwatin kwamfutar: tsayin kular milimita 165 ne, murfin ba zai rufu ba. Kai da bakinka ka ce in bar ta. Muka tsaya a kan Thermalright Peerless Assassin 120 SE, mai bututu 6 da fanka 2, tsayinta milimita 155, kuɗinta kuma bai kai na waccan ba ko kusa. Wallahi samun ɗan kasuwar da zai janye hannun mai saye daga kaya mai tsada ba abu ne mai sauƙi ba.

Ɗaurawar ma abin kallo ce. Yaron ya fara tabbatar da ƙarafan soket LGA1700, wato mazaunin firosesar, suna cikin kwalin, ya ɓare ledar da ke manne a gindin kular, ya goge tsohon man da ake shafawa tsakanin firosesa da kula, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, sannan ya riƙa ɗaure sukurori biyun bi da bi, ɗan juyi nan, ɗan juyi can, har ta zauna daidai. Fankar gaba ta so taɓa ram, wato sandunan memori da ke kusa da firosesa, ya ɗan ɗaga ta. Ya juya fankokin biyu su tura iska zuwa bayan akwati. Bayan haka kuka kunna Cinebench, manhajar gwada ƙarfin firosesa, muna kallo tare, ka rage bolt ɗin kaɗan kaɗan har muka samu inda gudun ya tsaya da ƙafarsa, zafin bai ƙara kusantar 90 ba.

Shawararka kan ƙurar hunturu ma na riƙe ta: in riƙa hure farantan, in danne fankar da yatsa lokacin hurawa don kada ta yi ta juyi da ƙarfi.

Yanzu ina barin dogon bidiyo yana haɗuwa da tsakar rana hankalina kwance. Duk wanda zai je wajenku neman kula, ya tafi da akwatin kwamfutarsa ko awonsa, ya kuma san sunan firosesarsa, domin sai kun tambaya.

Allah ya saka da alheri, Injiniya. Allah ya buɗa kasuwa, ya yi wa yaran nan albarka, ya ba su nasu shagon.

Naka,
Mai tace bidiyon biki, Yelwa, Bauchi